Sa'a tara a kan sitiyari: yadda dokar Turai ta ƙayyade tuƙin manyan motoci

Duk wanda ya daɗe yana jan babbar mota ya san gyangyaɗi ba ya sallama. Ido a buɗe, hannu a kan sitiyari, sai ka farga ka wuce wani gari ba ka san lokacin da ka wuce shi ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, don haka idan ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, tan 40 na ƙarfe da kaya sun yi mita 100 babu mai tuƙi. A 1997 masu binciken barci a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, kuzarinsa yana raguwa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Ga shi kuma mai gajiya shi ne na ƙarshe da zai yarda ya gaji. Shi ya sa doka ba ta tambayar direba yadda yake ji. Agogo take dubawa.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta shekarar 2006 ta shafi motocin kaya da nauyinsu ya haura tan uku da rabi. Direba ba zai wuce sa'a 9 yana tuƙi a rana ba, sai dai sau biyu a mako an yarda ya kai 10. Bayan sa'a huɗu da rabi dole ya huta minti 45, ko ya raba hutun gida biyu, minti 15 sannan 30. A mako ba zai wuce sa'a 56 ba, a mako biyu a jere kuma 90, wato wanda ya cika 56 a wannan makon, 34 kawai ta rage masa a mako mai zuwa. Hutun kowace rana sa'a 11 ne, ana iya rage shi zuwa 9 sau uku tsakanin hutun mako da na gaba. Cikakken hutun mako sa'a 45 ne, kuma ba a yin sa a cikin mota. Wata na'ura da ake kira takogiraf ce ke naɗar duk wannan a kan katin direba, tana kuma ajiye bayanan gudun motar a cikinta, jami'ai kuma suna iya tsayar da kai a hanya su karanta abin da ka yi makonni baya. A Amurka lissafin ya ɗan bambanta: tuƙin sa'a 11 bayan hutun sa'a 10, kuma tun Disamban 2017 na'ura ce ke rubutawa a maimakon littafi.

A dokar ta Turai, sashen da ya fi burge ni shi ne na 10, don ya san inda gizo ke saƙa. Ba kasafai direba ke tuƙin ganganci don jin daɗi ba. Ana biyansa ne gwargwadon nisa, ko an yanka masa lokacin sauke kaya da ba zai yiwu ba sai ya taka totur ya kuma kwana a hanya. Sashen ya hana kamfani biyan albashi ko garaɓasa bisa nisan tafiya ko yawan kaya idan hakan zai jefa mutane cikin haɗari, ya kuma ɗora wa kamfanin alhakin laifin da direbansa ya yi. Mai mota ba zai ce ai yana ofis ba.

Akwai kuma sassauci a sashe na 12. Idan lokacinka ya cika a inda tsayawa kanta haɗari ce, kana iya ƙarasawa zuwa wurin da ya dace, amma ka rubuta dalili da hannunka da zarar ka isa. Ba a yi shi don wanda ya makara da lodi ba. Matsalar da direbobi suka fi kuka da ita ita ce ƙarancin wuraren ajiye manyan motoci: dare na yi sukan cika maƙil, wanda ya zo a makare kuma sai dai ya yi ta kewaya yana neman gurbi, na'urar tana ci gaba da ƙirga masa mintoci.