Majalisar dattawa: birki ce ko wurin ajiye 'yan gaban goshi?

A Maradi kalmar "sanata" daga bakin 'yan Katsina da gidajen rediyon Najeriya muke jin ta. Shi ya sa in an zauna fada ana jiran shayi ya nuna, ba a rasa mai tambaya ko mu ma muna da su.

Mece ce majalisar dattawa?

Majalisa ce ta biyu, wadda doka ke bi ta hannunta a sake dubawa. A Najeriya sanatoci 109 ne, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Kano da duk yawan jama'arta, kujerunta daidai suke da na Bayelsa, don kada manyan jihohi su danne ƙanana.

Nijar ta taɓa samun irinta?

A takarda kawai. Kundin tsarin mulkin da shugaba Tandja Mamadou ya kai ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009, zamanin tazarce, ya tanade ta, kuma shugaban ƙasa ne zai naɗa kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yanta. Ba ta zauna ko sau ɗaya ba, sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairu 2010. Kundin da ya biyo baya ya koma majalisa guda.

To wanda ba a zaɓa ba, da wane baki zai hana doka?

Nan ne gizo ke saƙa. A Ingila, majalisar Lords ba mai jefa mata ƙuri'a: akasarinsu naɗa su ake yi har ƙarshen rayuwa, ga kuma kujeru 26 na manyan limaman coci. Sai dai tun 1911 aka rage mata ƙarfi, aka ƙara ragewa a 1949. Tana iya gyara doka ko ta jinkirta ta kusan shekara guda, dokar kuɗi kuwa wata ɗaya tak, amma magana ta ƙarshe ta zaɓaɓɓu ce. A ganina wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne shugaba ya naɗa masu sa masa ido da hannunsa. Wa zai ciji hannun da ya ɗora shi kan kujera?

Majalisar dattawa ta taɓa taka birkin gaske?

Ta taɓa. A watan Mayun 2006 sanatocin Najeriya suka yi fatali da gyaran kundin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Su kuwa zaɓaɓɓu ne, suna da mazaɓun da za su koma.

Kuɗin fa?

Tana ci sosai. Senegal ta soke tata a 2012 bayan ambaliya, da hujjar a kai kuɗin ga waɗanda ruwa ya ci. Muritaniya ta bi sahu a 2017.

Sarakunanmu ma ai ba talakawa ke jefa musu ƙuri'a ba?

Haka ne, kuma ba mai cewa Sarkin Katsinan Maradi ko Sarkin Gobir na Tsibiri ba su da faɗa a ji. In shanu suka shiga gonar gero ana dab da girbi, manomi da makiyayi wurin mai gari suke fara zuwa, sai sulhu ya gagara a nufi alƙali. Lokacin da majalisun ƙananan hukumomi ke aiki, doka ta ba sarakuna kujera a ciki. Suna zama, suna ba da shawara, amma in aka zo ɗaga hannu ba a ƙirga nasu.