Dokar Amurka da ta hana kamfanin maganin ƙwari ɓoye ɓarnar maganinsa

A jikin galibin kwalaben maganin feshi da ake sayarwa a Amurka akwai lambar wayar kamfanin da ya haɗa maganin. Idan manomi ya yi feshi da safe, la'asar na yi jiri da amai suka kama shi, ko uwa ta tarar ɗanta ya lashi maganin ɓera, sau da yawa wannan lambar ake fara bugawa. Ke nan kamfani kan riga gwamnati jin labari. Kuma a duk cikin waɗanda abin ya shafa, babu wanda shiru zai fi yi wa rana kamar kamfanin, domin kasuwarsa ce a kan siraɗi.

Wannan shirun ne doka ta haramta. Babbar dokar magungunan ƙwari ta ƙasar, wadda ake kira FIFRA, an kafa ta a 1947, aka yi mata gagarumin garambawul a 1972, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ce ke aiwatar da ita. A sashe na 6(a)(2) akwai jimla guda tak. Ma'anarta ita ce: duk lokacin da mai rajistar magani ya samu ƙarin bayani cewa maganinsa na haddasa illar da ta wuce kima, bayan an riga an ba shi rajista, wajibi ne ya miƙa bayanin ga hukuma. A wannan doka, illa ga muhalli ta haɗa da illa ga ɗan Adam.

Dalilin kafa sashen a fili yake. Kafin a ba magani rajista ana gwada shi a kan dabbobi ƙalilan da gonaki ƙalilan, a hannun ƙwararru masu safar hannu da takunkumi. Ranar da ya shiga kasuwa kuwa, ya faɗa hannun miliyoyin mutane: mai fesawa cikin iska, mai ninka awo don yana gaggawa, mai ajiye kwalba inda yaro zai kai hannu. Abin da ɗakin gwaji bai gani ba, gona da tsakar gida za su nuna shi.

Jimla ɗaya ba ta isa a gudanar da aiki ba, don haka a 1997 EPA ta fitar da ƙa'idoji dalla-dalla, waɗanda ke kashi na 159 na kundi na 40 na ƙa'idojin tarayya. Su suka fayyace abin da za a kai, da lokacin kai shi.

Rahoto na wajaba idan abu uku suka haɗu. Kamfani ya samu labarin cewa mutum, dabba ko shuka da ba su aka nufa da maganin ba sun haɗu da shi. Ya samu labarin cewa wata illa ta same su. Sannan yana da bayanin wurin da abin ya faru, da maganin, da wanda za a tuntuɓa, ko kuma zai iya samo su. Shi ke nan. A lura da abin da babu a ciki: ba a ce sai an tabbatar maganin ne ya jawo illar ba. A ganina nan ne ƙashin bayan dokar yake. Da an bar wa kamfani ya fara gamsar da kansa tukuna, da rahoto kaɗan ne zai isa hukuma, domin ba a naɗa kura alƙalin awaki. Hukuma ce ke da alhakin tantancewa, kuma ƙa'idar ta yarda cewa miƙa rahoto ba amsa laifi ba ne. Uzurin da aka bar wa kamfani ƙanƙane ne, misali idan yana da hujja ƙarara cewa mutumin bai ma kusanci maganin ba, ko illar da aka faɗa ba ta auku ba.

Haka kuma shugaban kamfani ba zai ce labari bai iso ofishinsa ba. Abin da ma'aikacinsa ko wakilinsa mai kula da irin wannan aiki ya sani, a idon doka kamfani ne ya sani, kuma daga ranar ake fara ƙirga kwanaki.

Kwanakin sun danganta da girman abin. Mutuwar mutum, kwana 15. Ciwo mai tsanani ko matsakaici ga mutum, da babbar ɓarna ga namun daji, ana iya tara na kwana 30 a miƙa cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ƙananan abubuwa, kamar ƙaiƙayin fata da ya wuce da kansa, ana tara na kwana 90, a miƙa cikin kwana 60, kuma a dunƙule, wato adadi kawai ba tare da labarin kowane ɗaya ba. Har ma'aunin babbar ɓarna an rubuta: kifi dubu ɗaya na irin masu tafiya a garke, ko 50 na masu zaman kaɗaici, tsuntsaye 200 masu tashi a garke, ko 50 masu waƙa, ko biyar kacal na masu farauta irin su shaho da mikiya. Bayan haɗurra, sakamakon binciken da kamfani ya yi da kansa ma dole ya kai, muddin ya nuna wata sabuwar illa.

An taɓa hukunta masu ɓoyewa. A 1995 EPA ta ci kamfanin DowElanco tarar dala 732,000 saboda bai kai rahoto 249 na ƙorafin guba daga maganin Dursban ba. Sinadarin da ke cikinsa shi ne chlorpyrifos, wanda manomanmu suka sani a shagunan maganin gona. A shekarar 2000 aka cim ma matsayar janye shi daga kusan duk wani amfani na cikin gida a Amurka. Sai kuma maganin ciyawa na Imprelis, na kamfanin DuPont, da aka yi wa rajista a 2010 don fesawa a harabar gidaje da filayen wasan golf. Bazarar 2011 manyan itatuwa suka fara murɗewa suna bushewa a wuraren da aka fesa shi, ƙorafi ya yi ta kwarara dubu-dubu, a watan Agusta hukuma ta hana sayar da shi. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala 1,853,000, kuma cikin abin da aka tuhume shi da shi har da rashin miƙa sakamakon gwaje-gwajen gona 18 a kan lokaci. Ba na ganin waɗannan kuɗaɗe sun kai su girgiza kamfanoni masu cinikin biliyoyi, amma sun nuna sashen yana da haƙori.

Raunin dokar ya fi fitowa a labarin Seresto, wani abin wuya da ake ɗaura wa karnuka da kyanwoyi don kashe kaska da ƙuma. An yi masa rajista a 2012 a hannun kamfanin Bayer, daga baya ya koma hannun kamfanin Elanco a 2020. A nan ba ɓoyewa aka yi ba, rahotanni sun yi ta shiga. A watan Maris na 2021 'yan jarida suka bankaɗo cewa hukumar na riƙe da rahoto sama da 75,000 a kansa, ciki har da mutuwar dabbobi 1,698 da kusan mutum dubu da suka ce ya cutar da su, alhali masu saye ba su da labari. Kamfanin ya dage cewa an sayar da miliyoyi, kuma rahoto ba hujja ba ce. Wannan magana tana da gaskiyarta, sai dai ita ma tana nuna giɓin: mutuwar dabbar gida na cikin abubuwan da ake miƙawa a dunƙule, ga adadi amma babu cikakken bayanin da za a yanke hukunci da shi. A watan Yuli na 2023 EPA ta bar shi a kasuwa, amma ta taƙaita rajistarsa zuwa shekara biyar, ta sa a ƙara gargaɗi a jikin kwali, ta kuma buƙaci rahotanni masu cikakken bayani. A watan ne ta ɗora bayanan haɗurra na shekara goma a intanet don kowa ya duba. Kanada, maƙwabciyar Amurka, ita ma tana da irin wannan tilas a kan masu rajista tun 2007.

Sashen bai ɗora wa manomi ko likita komai ba, kamfani kaɗai ya ɗaure. Wasu jihohi ne suka cike wannan da dokarsu; a Kalifoniya, likitan da ya yi zargin gubar maganin ƙwari dole ya sanar da jami'in lafiya cikin awa 24. Amma tunda wajibcin kamfani na farawa ne daga ranar da ya ji, kiran da mutum ɗaya ya yi yana da nauyi a doka.

Ina karanta waɗannan ƙa'idoji ina tuna mai feshi a gonakinmu, tanki a baya, ba takalmi ba takunkumi, ruwan magani na tsiyaya ta bayan rigarsa. Idan kansa ya sara sai a ba shi madara ko manja, ya kwanta a inuwa, wani lokaci ma a wurgar da kwalbar kafin a kai shi asibiti. Abin da ƙa'idar Amurka ke nema kafin rahoto ya tsaya da ƙafarsa bai fi ƙarfin kowa ba: sunan maganin da lambar rajistar da ke jikin kwalba, rana da wurin da abin ya faru, yadda maganin ya shiga jiki, alamomin da aka gani, da wanda za a kira idan ana neman ƙarin bayani.