Matattun manyan kantuna da masu zagaya su

Mataccen kanti shi ne katafaren ginin nan mai ɗauke da rukunin shaguna a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda ake kira mol, idan masu saye suka ƙaurace masa, 'yan haya suka kwashe kayansu, har aka rufe shi ko ya kama hanyar rufuwa. An fi samun su a Amurka, domin can aka fi gina irin waɗannan kantuna, kuma can ne aka fara samun mutanen da ke bin su ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hoto da bidiyo, suna tattara tarihinsu kafin a rushe. Shafin deadmalls.com yana wannan aiki tun shekarar 2000, daga baya kuma YouTube ya ƙara yawan masu yi.

Asalin ginin

Kanti na farko a Amurka da aka lulluɓe gaba ɗaya da rufi da bango, aka sa masa na'urar sanyi da ta ɗumi, shi ne Southdale Center a garin Edina na jihar Minnesota, wanda aka buɗe a 1956. Victor Gruen, mai zanen gine-gine ɗan asalin Austiriya, shi ya tsara shi. Fasalin da ya bi shi aka yi ta kwaikwaya: manyan shaguna a ƙarshen ginin, ƙanana a jere a tsakani, fili a tsakiya, sai makeken wurin ajiye motoci ya kewaye komai. Wanda zai tashi daga babban shago zuwa wani dole ya ratsa ta gaban ƙananan.

Shekara biyu kafin haka, a 1954, an sauya dokar haraji ta Amurka yadda mai gini zai iya cire kaso mai yawa na kuɗin da ya kashe daga harajinsa tun a shekarun farko. Sai gina kanti ya zama riba ko da ciniki bai kankama ba. Aka yi ta ginawa a unguwannin bayan gari fiye da abin da jama'ar wurin za su iya ciyarwa. Shi kansa Gruen, a 1978, ya fito fili ya barranta da abin da tunaninsa ya rikiɗe ya zama.

Yadda kanti ke mutuwa

Mutuwar tana farawa ne daga takardar haya. Manyan shagunan, irin Sears da JCPenney da Macy's, su ke jawo mutane, don haka hayarsu kaɗan ce, wani lokaci ma ginin ɓangarensu mallakinsu ne. Ƙananan ne ke biyan haya mai tsada. Sai dai yawancinsu suna da sharaɗi a yarjejeniya cewa in babban shago ya tashi, ko kuma yawan shagunan da ke buɗe ya faɗi ƙasa da wani kaso, za a rage musu haya ko su fita ba tare da tara ba. Shago ɗaya babba ya tashi, kuɗin shiga ya ragu ta ko'ina a lokaci guda. Kuɗin wuta da shara da gadi kuma, da ake rabawa tsakanin 'yan haya, ya koma kan 'yan kaɗan da suka rage, su ma su fara neman ƙofa.

An cika ɗora laifin a kan cinikin intanet, amma wannan rabin magana ne. Dixie Square Mall na garin Harvey a jihar Illinois an buɗe shi a 1966, ya rufe a 1978, lokacin ba wanda ke sayen komai ta kwamfuta. Abin da ya fi kashe kanti shi ne sabon kanti da aka gina kusa da shi, da shagunan rangwame irin Walmart, da rufewar masana'antun garin. A da, Akron na jihar Ohio garin masana'antun taya ne, yankin birnin Pittsburgh kuma na masana'antun ƙarfe. Da ayyukan suka tafi, albashin da ake kashewa a kantunan ya bi su. Karayar tattalin arziki ta 2008 ta ƙarasa da yawa, sannan Sears ya durƙushe a 2018, JCPenney a 2020.

Masu zagaye suna gane kanti mai jinya da alamu sanannu. An kashe maɓulɓular ruwan tsakiya, an cika ta da tukwanen fure na roba. Matakala mai tafiya da kanta ta tsaya, domin gyaranta da tsada. An jera bokitai a bin hanya suna tarar yoyo. An toshe bakin shagunan da aka bari da katako mai fenti, amma inuwar haruffan tsohon suna tana nan a bango, inda fentin bai koɗe ba. Shagunan da suka rage ba na manyan kamfanoni ba ne: mai gyaran waya, coci, ofishin hukuma. Da safe kuma za a ga tsofaffi suna zagaya farfajiyar don motsa jiki, ba sayen komai suka zo ba.

Bayan an kashe wuta

Da zarar an yanke lantarki, ruwa ne ke cin ginin. Rufin irin waɗannan kantuna shimfiɗaɗɗe ne, ruwan sama yana sauka ta magudanai da ke ratsa cikin ginin. Ganye da datti su toshe su, ruwa ya kwanta a sama, ya samu tsaga. Silin ya jiƙe ya zubo. Injin da ke zuƙe ruwa daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya daina aiki, su cika. A jihohi masu sanyi, ruwan da ya rage a bututun kashe gobara yana daskarewa ya fasa bututun. Babu iska mai zagayawa, sai funfuna ta baƙanta bango. Daga nan ɓarayin ƙarfe su shigo su zare wayoyi da bututun jan ƙarfe, matasa su farfasa gilashi, a ƙarshe wani ya cinna wuta.

Rolling Acres Mall na Akron a jihar Ohio ya bi duk wannan. An buɗe shi a 1975, ya taɓa ɗaukar shaguna sama da 140, aka rufe cikinsa a 2008 bayan bashin wuta ya taru. A 2011 lantarki ya kashe wani mutum da ya je satar wayar wuta a wurin. A 2015 hotunan dusar ƙanƙara kwance a kan matakalunsa, ta zubo ta gilasan rufi da aka fasa, suka yaɗu a duniya.

Ka'idojin zagaye

Ziyarar iri biyu ce. Kantin da bai rufe ba kowa na iya shiga, kuma a gaskiya nan ne aka fi samun abin da ya cancanci adanawa: tayil, fitilu, kujeru da allunan shekarun 1970 da 1980 suna nan yadda suke. Amma wuri ne mai mai shi, mai gadi na da ikon hana ɗaukar hoto, don haka ake fara neman izini a ofishin gudanarwa.

Wanda aka rufe kuwa, shigarsa ba izini laifin kutse ne, in an ɓalle ƙofa ko an ɗauki wani abu laifin ya ƙaru. Hanyar da ta dace ita ce takardar izini daga mai ginin, ko kamfanin da zai rushe shi, ko hukumar garin in ita ta karɓe shi saboda bashin haraji. Wanda ya samu izinin ba ya shiga shi kaɗai, kuma yana barin wani a waje da sanin lokacin fitowarsa. Ana riƙe tocila biyu, domin hanyoyin ma'aikata da ke bayan shaguna ba su da taga ko ɗaya, kuma duk kama ɗaya suke. Takalmi mai tauri a ƙasa saboda ƙusa da gilashi, hular kwano saboda silin, da takunkumi mai matatar P100. Na tsumma ba ya tare ƙurar asbestos, wani kayan gini mai illa ga huhu, wadda ke cikin tayil da naɗin bututun gine-ginen kafin 1980. Busasshen kashin tattabaru ma yana jawo ciwon huhu in an tayar da ƙurarsa.

Faɗuwa ce ta fi raunata mutane. A bene na biyu sau da yawa an fasa gilashin da ke kare bakin baranda. A bakin matakala mai tafiya akwai ramin inji da faranti ya rufe, ɓarayi kan ɗauke farantin. Ramin lif yana buɗe a cikin duhu. Ba a taka ruwan da ba a ga ƙasansa, ba a hawa rufi, ba a ɗauka wayar lantarki ta mutu don kawai fitilu ba sa ci. Ɗakunan ƙasa kuma suna tara iska mai guba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta a juya nan take.

Wasu ƙasashe

A Bangkok ta ƙasar Tailan, an rufe New World Mall a 1997 saboda an ɗora masa benaye fiye da yadda aka yarda. Ya zauna ba rufi, ruwan sama ya cika ƙasansa, sauro ya addabi maƙwabta, suka zuba kifi, kifin ya hayayyafa har mutane suka riƙa zuwa kallo. New South China Mall na Dongguan a ƙasar Sin kuwa tun buɗe shi a 2005 ya shafe shekaru kusan babu kowa a ciki, kafin daga baya a gyara shi ya farfaɗo.

Makomarsu

Kango yakan daɗe a tsaye saboda rushewa da kwashe asbestos suna cin kuɗi, kuma filin sau da yawa a rarrabe yake tsakanin masu shi da dama, sai kowa ya yarda. Dixie Square sai 2012 aka gama rushe shi, shekara 34 bayan rufewa. Century III Mall kusa da Pittsburgh, da aka buɗe a 1979 a kan tsohon jujin masana'antar ƙarfe, ya rufe a 2019, rushewa ta fara a 2024. Wasu ana sauya musu aiki: Highland Mall na Austin a jihar Texas ya zama harabar kwaleji, wani ɓangare na One Hundred Oaks a Nashville ya zama asibitocin jami'ar Vanderbilt. Randall Park Mall na Ohio, da aka buɗe a 1976 ana tallata shi a matsayin mafi girma a duniya, ya rufe a 2009. An rushe shi, kamar yadda aka rushe Rolling Acres, kuma a filayen biyu yanzu rumbunan ajiyar kaya na kamfanin cinikin intanet Amazon ne.