Hermann Haus

Hermann Anton Haus (1925–2003) farfesa ne na injiniyancin lantarki a jami'ar MIT da ke Amurka, wanda ya yi fice a kimiyyar haske da binciken hayaniyar kwantam (kwantam shi ne fannin kimiyyar da ke bayyana halayyar ƙananan ƙwayoyin zarra da na haske).

An haife shi ranar 8 ga Agusta 1925 a Ljubljana, babban birnin Sloveniya na yanzu, wanda a lokacin yake cikin ƙasar Yugoslaviya. Kakansa, Anton Haus, shi ne kwamandan rundunar ruwa ta daular Ostiriya da Hungari a yaƙin duniya na farko. Da yaƙi na biyu ya ƙare, wajen ƙarshen 1945, hukumomin Yugoslaviya suka kore shi tare da sauran masu jin Jamusanci zuwa Ostiriya. Can ya taɓa karatu kafin ya ƙetare zuwa Amurka, inda ya sami digirin farko a kwalejin Union a 1949, na biyu a kwalejin fasaha ta Rensselaer a 1951, sannan digirin digirgir a MIT a 1954. A shekarar aka ɗauke shi koyarwa, kuma bai bar jami'ar ba har rasuwarsa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne hayaniya, wato ɗan hargitsin da ke cakuɗuwa da saƙo a cikin na'ura. A 1962 shi da James Mullen suka nuna cewa duk amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin saƙo) ta yau da kullum, komai kyan ƙirarta, dole ta ƙara wa saƙo hayaniya, domin dokokin kwantam ne suka tilasta haka, ba gazawar maƙeri ba. Wannan aiki ya sake tasowa a 1986, lokacin da shi da James Gordon na cibiyar bincike ta Bell Labs suka dubi saƙon haske mai tafiya cikin zaren gilashi. Sun gano cewa hayaniyar kowace amfilifaya da ke kan hanya tana ɗan sauya launin hasken, sauyin launi ya sauya saurinsa, sai saƙon ya iso kafin lokacinsa ko bayansa, kuma abin yana ta'azzara da nisan tafiya. Har yau da sunan su biyun ake kiran wannan matsala.

A 1975 ya tsara lissafin da ke bayyana yadda leza, wato na'urar da ke fitar da tsinin haske mai ƙarfi, ke samar da walƙiya mai matuƙar gajarta.

Ya karɓi lambar yabo ta ƙasar Amurka kan kimiyya a 1995. Ya rasu ranar 21 ga Mayu 2003 a Lexington, jihar Massachusetts, sakamakon bugun zuciya, jim kaɗan bayan ya dawo gida daga aiki a kan kekensa.