Mene ne amosanin gaɓɓai?

Dattijuwa ta ce gwiwa ta hana ta sujada, sai a ce sanyin ƙashi ne. Matashiya ta wayi gari da yatsu a kumbure, ita ma sanyi. Alhali abin da likitoci ke kira amosanin gaɓɓai ba cuta ɗaya ba ce, ire-irensa sun haura 100, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da ke bakin ƙashi. Idan ya cinye, ƙashi ya fara gugar ɗan'uwansa, gwiwa ta riƙa ƙara in an miƙe, tsuguno a banɗaki ya zama aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, kashi 60 cikin 100 mata ne. Shekaru da ƙiba da tsohon rauni na cikin abubuwan da ke jawo shi.

Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓɓai. Wannan yakan kama matashi da tsoho. Yakan kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, kuma sandarewar safiya takan wuce awa ɗaya, saɓanin ta guringuntsi da kan sake kafin rabin awa. In aka makara, yatsu su karkace, ba sa komawa. Likita ne kaɗai zai ɗora mutum a kan magunguna irin su Methotrexate.

Inda ake ɓarna, a ganina, shi ne kemis. A ƙulla wa tsoho haɗi a leda, Diclofenac da Dexamethasone a ciki, ya sha ya ji garau. Bayan watanni ga gyambon ciki, ga ƙoda ta taɓu, fuska ta kumbura, suga ya hau.

Mai ciwon guringuntsi zama wuri ɗaya ke ƙara kashe masa gwiwa. Abin da ke taimakawa shi ne tattaki kaɗan-kaɗan kullum, rage ƙiba, gashi da ruwan ɗumi, riƙe sanda ba tare da jin kunya ba. Sallah a kan kujera ma ta halatta ga wanda ya kasa.

Amma gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, wannan asibiti za a kai ranar, don ƙwayar cuta kan lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki.