Fasfon Ireland ta hanyar iyaye: ba kowane ɗa ne ke gado ba

Maganar da ke yawo a WhatsApp cewa duk wanda uwarsa ko ubansa ke da fasfon Ireland shi ma ɗan ƙasar ne, rabin gaskiya ce, kuma da ita 'yan damfara ke cin kasuwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1956, da gyare-gyarenta, abu biyu take dubawa: inda aka haifi uwar ko uban, da kuma ko ɗan ƙasa ne a ranar da aka haife ka.

Idan a tsibirin Ireland aka haifi ɗayansu, kuma ɗan ƙasa ne, to kai ma haka, ko da a Kano aka yanke maka cibiya. Fasfo kawai za ka nema. Cikin irin waɗannan iyaye akwai 'ya'yan 'yan Najeriya da aka haifa a Dublin kafin 1 ga Janairun 2005, waɗanda yanzu sun fara hayayyafa. Daga wannan rana, bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 2004, haihuwa a can kaɗai ta daina wadatarwa.

Inda ake tuntuɓe shi ne iyayen da aka haifa a waje, daga baya suka samu takardar zama ɗan ƙasa. A ce mutum ya samu tasa a 2015. Ɗansa da aka haifa a Kaduna a 2012 ba shi da haƙƙi ta hanyar gado, domin lokacin uban bai zama ɗan ƙasa ba. Ƙanwarsa da aka haifa a 2017, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da shi. Akwai ciwo a raba 'yan ɗaki ɗaya haka, amma jami'i ba shi da ikon sassautawa. Abin da ya rage wa yayan shi ne hanyar neman zama ɗan ƙasa, wadda galibi sai da zama a ƙasar.

Ita ma ƙanwar sai an saka sunanta a rajistar waɗanda aka haifa a ƙetare, da ke hannun Ma'aikatar Harkokin Wajen Ireland. Zamanta 'yar ƙasa yana farawa ne daga ranar rajista, ba ya komawa baya. Saboda haka idan ta girma ta haihu kafin ta yi rajista, ɗan nata ya rasa. Haka ma mai nema ta hanyar kakan da aka haifa a tsibirin.

Ana cike fom a intanet, sannan a aika takardun asali zuwa Ireland: takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyaye, ta aure idan akwai, kwafin fasfo da aka tabbatar, shaidar adireshi, hotuna huɗu, da takardar zama ɗan ƙasa ta uwar ko uban. Mai shaida ya zama irin lauya, likita ko ɗan sanda wanda ya san ka, amma ba ɗan'uwa ba. Kuɗin babba yuro 278, na yaro 153, kuma jiran na watanni ne. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu ba takardar haihuwa ba ce. Ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa za a nema. Suna ya zo Muhammad a nan, Mohammed a can, shi ma yana jawo tsaiko.

Masu cewa za su "gyara" maka shekarar haihuwa ta faɗo bayan ta takardar uba, rami suke haƙa maka. Dokar ta ce wanda ya ba da bayanin ƙarya, ko daga wajen ƙasar ne, yana iya fuskantar tarar da ta kai yuro 50,000, ko ɗaurin da ya kai shekara 5, ko duka biyun, kuma ana iya goge sunan daga rajistar.

Batun rasa fasfon gida kuwa, babu fargaba. Ireland ta amince da riƙe ƙasa biyu, kuma kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wa wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa wannan dama.