Rigar sanyi ta nawa ya kamata ka saya idan za ka Birtaniya ko Kanada? Tambayoyi da amsoshi

Da zarar biza ta fito an gama barka, sai a koma lissafin kaya: kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, sai kuma rigar sanyi. A kanta ake yin kuskure iri biyu. Wani ya kama hanya da suwaitar da yake shiga Jos da ita, wani kuma ya zuba kuɗin hayar wata guda a riga ɗaya don ya ga tambarinta a kafaɗar mutane. Na yi hunturu a Manchester ta Birtaniya, na yi a Winnipeg ta Kanada, kuma ga tambayoyin da ɗalibai da iyayensu suka fi yi mini.

Ba tare da dogon zance ba, nawa zan ware?

Faɗa mini garin tukuna. A Landan, matsakaicin yanayin Janairu yana wajen digiri 5 ne a sama da sifili, kuma abin da ke wahalar da mutum a can yayyafi ne da iska, ba ƙanƙara ba. A Toronto yana wajen digiri 5 a ƙasa da sifili. A Winnipeg kuwa yana kaiwa 16 ƙasa da sifili, kuma kwanakin da zai sauka zuwa 30 ba abin labari ba ne. Ka auna da Kano, inda ko a tsakiyar hunturu, lokacin da ake hura wuta a tsakar gida ana ta "yau dai sanyin ya yi yawa", da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10.

Shawarata ga mai zuwa Birtaniya, ya ware fam 60 zuwa 120, ya nemi riga mai hula wadda ruwa ba ya ratsa ta. Mai zuwa Toronto ko Ottawa, dalar Kanada 200 zuwa 300. Mai zuwa Winnipeg, Saskatoon ko Edmonton, 300 zuwa 400, kuma kada ya ji ciwon fitar da su. Sai ka lura da abu ɗaya: a Birtaniya kuɗin da ka gani a jikin riga shi za ka biya, amma a Kanada sai ka je wurin mai karɓar kuɗi ake ɗora haraji. A lardin Ontario kashi 13 cikin ɗari ne, wato rigar dala 300 za ta tashi a 339.

Abokina ya ce in ba Canada Goose ba, sanyi zai kashe ni. Gaskiya ne?

Abokinka ya zuzuta. Rigar tana da kyau, babu musu. Kamfanin ya fara ne a Toronto a 1957, kuma ɗaya daga cikin fitattun rigunansa an yi ta ne don masu bincike da ke zama a Antaktika. Amma manyan rigunansu sun haura dala dubu ɗaya, kai kuwa daga ɗaki za ka fita zuwa tashar bas, daga bas zuwa aji mai na'urar ɗumi. Wani kaso mai tsoka na wannan kuɗin, kuɗin tambari ne. 'Yan ƙasar da aka haifa cikin ƙanƙarar da yawansu rigunan kamfanin Columbia suke sawa, ko abin da suka tsinta a shagon Winners da rangwame, kuma suna nan da ransu. In kana da hali kuma ranka na so, iya kuɗinka iya shagalinka. Amma kada Baba ya sayar da fili a kanta.

To me zai hana in ɗauki mafi araha kawai?

Na gwada. Shekarata ta farko a Winnipeg na sayi wata ƙatuwar jaket a wani shago kan dala 70, ina ta yabon kaina da iya ciniki. A ido kamar katifa, har wani ɗan'uwa ya ce na zama buhun gero. Wata safiya a Janairu ina tsaye a tashar bas, na ja zif ɗin zuwa wuya, sai haƙoransa suka rabu daga ƙasa, rigar ta buɗe kamar labule. Bas ya yi jinkirin minti goma sha biyar. Na tsaya na harɗe hannuwa a ƙirji, gashin hancina ya daskare, hawayen da iska ta fitar suka ƙame a gefen idona. Ran nan na gane ma'anar sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Yi lissafin da kanka. Mai digirin shekara huɗu in ya sayi ta dala 300 ta kai shi ƙarshe, dala 75 ke nan duk hunturu. In kuwa ta dala 70 zai riƙa saya duk shekara, ya kashe 280, ga shan sanyi kyauta. Amma lissafin yana juyawa ga mai digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya. Hunturu ɗaya zai yi, kuma mai sauƙi. Rigar shagunan Primark ko Mountain Warehouse ko Decathlon ta ishe shi, in ya tashi dawowa ya bar wa sabon zuwa.

Yaya zan gane mai ɗumi tun a shago, tunda duk a kumbure suke?

Kauri yana ruɗi. Abin da ke ɗumama ka shi ne iskar da ke maƙale a cikin abin da aka cusa wa rigar, don haka ka juya ta ka karanta ɗan ƙyallen da ke ciki.

Cushe iri biyu ne. Na farko lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya. Ba shi da nauyi, yana da ɗumi ƙwarai, yana kuma daɗewa in an kula da shi. Za ka ga an rubuta wata lamba, 550, 650, 800, wadda ke nuna yadda gashin ke kumbura ya riƙe iska. Daga 600 zuwa 700 ta wadatar wa mazaunin gari. Sai dai lambar kaɗai ba ta isa hujja ba: 'yar siririyar riga mai 800 ba za ta kai doguwar riga mai 600 da aka cika ta dam ba. Aibin gashin agwagwa shi ne in ya jiƙe sai ya dunƙule, ɗumin ya gudu. Shi ya sa ya fi dacewa da busasshen sanyin tsakiyar Kanada.

Na biyu zaren roba ne, irin su PrimaLoft da Thinsulate. Ya fi araha, ya ɗan fi nauyi, amma ko ya jiƙe yana riƙe wani ɗumin, kuma yana bushewa da wuri. Ga mai zama Manchester ko Glasgow, inda sama ke yini tana tsiyaya, ni shi zan zaɓa.

Daga nan sai ka sa ta a jikinka, a kan suwaita, ba a kan 'yar shimi ba. Ɗaga hannuwa sama, ka ga ko cikinka ya fito. Zauna. Ja zif ɗin sama da ƙasa sau biyar, ka duba ko akwai marufin da ke rufe shi, don ta nan iska ke shiga. Bakin hannun ya kasance mai kama wuyan hannu. Hular ta rufe kunnuwa, ta kuma kasance da igiyar tsukewa. Tsawonta ya wuce ɗuwawu, gara ma ya kai cinya.

Ba gara in saya a gwanjo kafin in tafi ba?

Mai idon sayayya yakan dace a Kofar Wambai, musamman ranar da aka fasa sabuwar dila. Amma gashin da ya daɗe a matse cikin dila yakan kwanta, kuma ba ka da hanyar gwada ɗumin rigar a zafin ranar Kano. In a Satumba za ka tafi, ɗauki mai sauƙi daga gida, ka bar gurbin kilo 23 na jakar jirginka ga kayan miya, don sanyin gaske sai Nuwamba. Can ma akwai gwanjo: shagunan Oxfam da manhajar Vinted a Birtaniya, Value Village a Kanada, da Facebook Marketplace ko'ina. Wanda zai sauka a Janairu ne ba shi da zaɓi. Dole ya fito daga jirgi da riga a hannu, ko ya roƙi mai tarbarsa ya zo masa da aro.

Yaushe farashi ke faɗuwa?

Ƙarshen Nuwamba, sai washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, sai Fabrairu zuwa Maris lokacin da shaguna ke kwashe kayan hunturu. Na ƙarshen ya fi sauƙi, amma girman da kake nema kan riga ya ƙare.

Ni mace ce, abaya da hijabi nake sawa. Akwai bambanci?

Akwai, 'yar'uwa. Nemi doguwa wadda ta wuce gwiwa, mai zif da ke buɗewa ta ƙasa ma, don ki iya taka matattakalar bas. Za ta ɗan fi gajeriya tsada, amma ta haɗa miki sutura da ɗumi. Ki gwada hular a kan hijabinki, wasu ba sa rufewa in an yi ɗauri. Abaya ita kaɗai iska take tarawa, sai da matsattsen wandon ɗumi a ciki, irin Heattech na Uniqlo, kuma ki rage tsawonta kaɗan don kada ta riƙa sharar jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai gishiri. Maza masu kaftanin Juma'a ma haka: shadda ba ta san sanyi ba.

Dala 400 gare ni gaba ɗaya. In zuba su duka a rigar?

A'a. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne da yatsu da hanci ke fara tafiya, kuma riga ba ta kai can. Sa 250 a riga, wajen 90 a takalmin ƙanƙara mai ƙasan da ba ya santsi, sauran ka raba wa safar hannu, hular ulu, mayafin wuya da safa mai kauri. Safar ta zama ta ulu, don auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ƙafa ta yi sanyi. Takalmin kuma ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba, safar tana cin wuri.